Amsa kan ma'anar diksha da asalin kalmar

Ɗan'uwa, ka tambayi me mabiya addinin Hindu ke nufi da "diksha", kuma daga ina kalmar ta samo asali. Kalma ce ta harshen Sanskirit, tsohon harshen Indiya, daga tushen "diksh", wato mutum ya keɓe kansa ya tsarkaka domin wata ibada. A zamanin littattafan Beda, wato tsofaffin littattafan addinin Hindu, diksha shiri ne da mai gabatar da hadayar Soma (wani abin sha da suke ɗauka mai tsarki) yake yi: a yi masa aski, ya yi wanka, ya shiga wata bukka ya zauna a kan fatar barewa baƙa, hannuwansa a dunƙule kamar ɗan tayi, domin suna ɗaukar cewa za a sake haihuwarsa ne.

Daga baya ma'anar ta koma ga karɓar almajiri, inda malami, wato guru, yake raɗa masa kalmomin ibada da ake kira mantara a kunne. Malaman Hindu kan raba kalmar gida biyu, "da" (bayarwa) da "kshi" (rusawa), su ce tana ba da ilimi tana kuma rusa zunubi. A ganina wannan fassara ce ta wa'azi mai zurfi, amma masana harshe ba su ɗauke ta a matsayin ainihin tushen kalmar ba.