Mai jan baya a kan dusar ƙanƙara

Ɗana, saƙonka ya same ni a Garwa. Ka ce takardunka na Kanada sun fito, wanka da ke Kebek ya ajiye maka tsohuwar Marsandi mai jan baya, kuma tsakiyar hunturu za ka sauka. Kana tambaya ko hannun da ka samu a lakar Waza da Dabanga zai ishe ka a kan dusar ƙanƙara. Rabinsa zai yi maka amfani. Ɗaya rabin shi nake jiye maka tsoro, don haka ka karanta a natse.

Ka riga ka san halin mai jan baya. Inji yana gaba, nauyi yana gaba, amma ƙafafun da ke tura motar suna baya, inda babu abin da ya danne su. Ka tuna yadda Hilux ko Fijo 504 ke kaɗa baya a kan baƙar ƙasar karal cikin watan Agusta idan babu kaya a kanta, sai a loda buhunan gero ta natsu. Lokacin da nake zuwa Beljiyam da Jamus sayo motoci na ga hakan a kan ƙanƙara, sai dai can abin ya fi sauri, ba ya ba ka lokacin tunani.

Taya ce farko, kafin gwaninta. Robar tayar da muka saba da ita tana sandarewa idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, ta daina kama titi ko da a bushe yake. Tayar hunturu robarta ba ta taurin nan, kuma tana da ƙananan tsage masu cizon dusa. A gefenta za ka ga hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a ciki. A Kebek doka ce: daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole mota ta kasance da su. Ka sa huɗu cif. Kada wani ya ce maka biyun baya sun isa tunda su ke ja, domin na gaba su ne sitiyari, kuma su ke ɗauke da yawancin birki. Na san halinmu na lallaɓa taya har sai waya ta leƙo. Wannan tattalin ka bar mana shi a nan.

Sai nauyi. Buhun yashi biyu ko uku a but, ka tura su ciki sosai su zauna daidai saman ƙafafun baya, ka ɗaure su. Idan ka jibge su a can ƙarshen but, ko ka cika su da yawa, gaba zai yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana. Tanki ma kada ya sauka ƙasa da rabi.

Yanzu ga rabin da nake jin tsoro. A laka ni da kaina na koya maka ka shiga da ƙarfi, ka riƙe wuta, taya ta yi ta juyawa tana watsar da taɓo har ta tono ƙasa mai tauri. A can babu ƙasa mai tauri da za ka tono. Tayar da ke juyawa a banza tana narkar da dusar, tana goge ta, nan take ta koma ƙanƙara sumul, kai da kanka ka shimfiɗa wa kanka santsi. Ƙafarka ta dama ta saba da zafin nama, kuma ranar da ka firgita abin da ta saba za ta yi. Saboda haka ka tashi da giya ta biyu, ka saki kuloci a hankali, totur kaɗan. Idan motar otomatik ce, wasu tsofaffin Marsandi suna da maɓalli kusa da giya mai W da S. Ka sa W, da giya ta biyu za ta tashi. Ka ji taya ta fara juyawa a banza, ɗaga ƙafa. Idan ka maƙale, ka tone dusar da shebur, ka zuba yashi daga buhunka, ka riƙa gaba kaɗan baya kaɗan har ta fita.

Taya ba ta iya aiki biyu a lokaci guda a kan santsi. Ka gama birki tun kana miƙe, ka shiga kwana da ƙafa a sake, sai sitiyari ya dawo daidai sannan ka ƙara wuta. Mafi yawan masu jan baya da na gani sun juya sun kalli inda suka fito, wuta suka ba ta a tsakiyar kwana.

In baya ya kaɗa duk da haka, kada ka taɓa birki. Sassauta totur, taka kuloci, ka kafa ido inda kake son zuwa, ba kan sandar da kake tsoro ba. Bayan ya tafi dama, sitiyari dama. Ya tafi hagu, hagu. Da zarar ka ji ta kama, ka dawo da sitiyari da sauri, in ba haka ba za ta watso ka ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko. Wannan kam hannunka ya sani tun daga hanyar Mora.

Akwai wata ɗabi'a mai kyau da za ta iya cutar da kai. A gangaren hanyar Ngaundare muna sauka da ƙaramar giya don kada birki ya yi zafi. A mai jan baya, riƙon inji a ƙafafun baya kaɗai yake sauka. Ka fizgo giya ƙasa a kan ƙanƙara ka saki kuloci da sauri, tamkar ka ja birkin hannu ne. Ka zaɓi giyarka tun kafin gangare, ka bar ta a nan. Hawa kuma ka ɗauko ɗan gudu tun daga ƙasa, kada ka tsaya a tsakiya.

Idan motar tana da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, ka danne birki ka riƙe; rawar da za ka ji a ƙafa aikinsa ne, kada ka saki. Na'urar hana zamewa ka bar ta a kunne. A kan ƙanƙara nisan tsayawa yana iya ninka na busasshen titi har sau 10, don haka ka ba na gabanka tazarar da za ka ga kamar ta yi yawa. Ka kiyayi gada, ita ke fara daskarewa saboda iska na ratsa ta sama da ƙasa. Titin da ka ga ya yi baƙi yana sheƙi kamar an yayyafa ruwa, alhali sanyi ya kai sifili, ƙanƙara ce.

Abu ɗaya da ba na tuƙi ba, amma yana kisa: idan dusa ta binne mota, ka tone bakin salansa kafin ka tayar da inji ka zauna ciki. In ya toshe, gubar hayaƙin cikin mota take komawa, ba ta da wari, barci kawai mutum zai ji. Ka share gilasai duka da fitilu da rufin mota kafin ka motsa, ka ajiye bargo da shebur a ciki.

Makon farko kada ka hau babbar hanya. Ka sa wanka ya kai ka wani fili na ajiye motoci da babu kowa, ka tashi, ka taka birki, ka bar bayan ya kaɗa da ƙaramin gudu har ƙafarka ta koyi sabon hali. Ranar da aka yi ruwa mai daskarewa, ka ajiye makulli ka hau bas, ko da aiki ne ke jiranka. Ka turo mini hoton tayoyin kafin ka fara fita, ina son in ga alamar dutsen nan da idona. Ka gaida wanka. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare hanya.