Ana Tsayar da Haihuwa Ba Tare da Tiyata Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Haihuwata bakwai, ta ƙarshe da ƙyar na sha saboda hawan jini da jijjiga. Likita ya ce kada in sake ɗaukar ciki, maigida ma ya amince, amma ina tsoron wuƙa. Wata ta ce a ƙasashen waje ana toshe hanyar ƙwai ba yanka, kuma ta san mai kawo maganin. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Kada ki ba kowa ko sisi.

An taɓa yin abin da ta faɗa. Sunansa Essure, wasu 'yan wayoyin ƙarfe ne nannaɗaɗɗu da ake zurawa ta gaba har cikin bututun ƙwai, nama ya tsiro a kansu cikin wata 3 ya rufe hanya. Amurka ta amince da shi a 2002. Sai ƙorafi ya yi yawa: ciwon mara da ba ya jin magani, zubar jini, wayar ta huda mahaifa ko ta gusa daga inda aka sa ta. Mata da dama da suka guje wa tiyata sun ƙare a ɗakin tiyata don a ciro musu ita, wasu har da mahaifar aka cire. Kamfanin Bayer mai yin sa ya daina sayar da shi a ƙarshen 2018, a 2020 kuma ya yarda zai biya kusan dala biliyan 1.6 ga matan da suka kai ƙara.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne maganar "mai kawo magani". Akwai ƙwayar quinacrine da ake cusawa a mahaifa ta ƙone bakin bututun. Indiya ta haramta ta tun 1998. Kada ki bari a matsa miki wani abu a bayan kanti.

Tunda wuƙa kike tsoro, ki nemi ashanar hannu ko robar mahaifa a sashen tazarar haihuwa na asibiti. Ashanar Jadelle tana shekara 5, roba mai tagulla shekara 10, kuma kariyarsu ta kai ta juyin mahaifa, wato tiyatar toshe hanyar ƙwai. In wa'adi ya cika a sake miki wata. Juyin mahaifar ma ƙaramin aiki ne, yanka kaɗan a mara, sau da yawa a ranar ake sallamar mace, sai dai ba a komawa baya.

Ki gaya musu kina da hawan jini, domin wasu ƙwayoyin sha ba su dace da ke ba. Ki je cikin makon nan, kada ciki ya riga ki.