Amsa: Yadda ake gane mai korona da jikinsa zai tsananta

Malam, ka tambayi abin da likitoci ke dubawa don gane wanda cutar korona za ta yi wa tsanani bayan an kwantar da shi a asibiti. Zazzaɓi, busasshen tari da kasala yawancin majinyata suna zuwa da su, saboda haka ba su cika nuna inda ciwon ya dosa ba. Numfashi ne abin lura. Idan baligi yana numfashi fiye da sau 30 a minti ɗaya, ko na'urar da ake maƙala masa a yatsa ta nuna iskar oksijin a jininsa ta sauka ƙasa da kashi 90, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar hakan a matsayin ciwo mai tsanani. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, wani yana zaune yana hira lafiya lau alhali oksijin ɗinsa ya yi ƙasa, kuma sau da yawa jiki yakan rikice ne a mako na biyu. Tsufa, ciwon suga, hawan jini, ƙiba da ciwon ƙoda duk suna ƙara haɗari. A gwajin jini kuwa, raguwar wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira lymphocytes da hauhawar alamomin kumburi da daskarewar jini su ne ke sa likita ya ƙara sa ido.