Abin da ya sa Bayajiddanka yake tafiya kamar ana jan sa da zare

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na kalli ɗan katun ɗin da ka yi na Bayajidda yana nufar rijiyar Kusugu, na kuma ga tambayarka: ko manhaja za ka canza, tunda tafiyar ta ƙi kama da ta mutum? Kada ka kashe ko sisi. Blender da kake aiki da ita kyauta ce, kuma ta ishe ka. Nauyi ne jaruminka ba shi da shi.

Fim yana gudu ne a kan firam 24, wato hotuna 24 a jere, cikin sakan ɗaya, kuma mai tafiya ba sauri ba nawa yakan yi taku ɗaya cikin firam 12 ko kusa da haka. Kowane taku gaɓa huɗu ne: diddige ya dira, gwiwa ta lanƙwashe jiki ya sauka, ɗaya ƙafar ta wuce, sannan jiki ya ɗaga. Ta biyun nan ka tsallake. Duba kansa da kyau, a layi ɗaya yake tafiya kamar an shimfiɗa masa igiya. Saukar da ƙugunsa kaɗan bayan kowace dira, ka kuma kafe tafin ƙafar da ke ƙasa, kada ya zame ko firam ɗaya.

Ni ma na daɗe ina wannan kuskure. Ba kwamfuta ce ta gyara ni ba, zaman Ƙofar Soro ne, bakin fadar Sarkin Katsina, da littafi da fensir. A can na lura dattijo ba ya miƙewa daga tabarma kai tsaye: sai ya sunkuya gaba, ya dafa gwiwa, ya ɗan dakata, sannan ya tashi. Masu sana'ar nan suna kiran wannan shirin motsi, yana cikin ƙa'idoji 12 da Frank Thomas da Ollie Johnston na Disney suka tattara a littafinsu na 1981. In ka cire shi, mai kallo zai ji wani abu bai yi daidai ba, ko da bai san mene ne ba.

Rigarsa kuma, wallahi ita ta fi damuna. Babbar riga ba ta tsayawa tare da mai ita. Mutum ya tsaya, ita sai ta ƙara gaba kaɗan ta dawo. Ka jinkirta ta da firam biyu ko uku. Ka je ka kalli yadda magidanci yake jefa hannun riga kafaɗa ran Juma'a, motsin daga kafaɗa yake farawa, yadin ya biyo daga baya.

In ka zo sa masa magana, ka yi hattara da jadawalin baki na Turawa, wanda yake nuna siffar baki ga kowane sauti. F ɗinsu haƙori ne a kan leɓe, tamu da leɓɓa biyu ake yin ta, balle mu nan da muke cewa hwari. A m, b da ɓ dole baki ya rufe ruf.

Ga aikin da zan ba ka kafin ka ci gaba. Ajiye takobin da macijiyar tukuna. Ba shi guga, ya tafi rijiya da shi wayam, ya dawo da shi cike. A dawowa kafaɗa ɗaya ta sauka, jiki ya karkata ɗaya gefen, ɗaya hannun ya buɗe, takun ya gajarta. Sakan 5 kowanne ya isa. In ka gama ka turo, sai mu bi shi firam firam tare.