Amsa: Me ya sa lissafin kalori na jikin kwali bai yi daidai da na na'ura ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya dalilin da ya sa adadin kalori da ake rubutawa a kwalin abinci yake gaza abin da bom kalorimita, wato na'urar auna ƙarfin da ke cikin abinci, ke bayarwa. Dalilin shi ne na'urar tana ƙone abinci ƙurmus, jikin mutum kuwa ba ya yin haka.

Ana busar da abincin, a auna kimanin giram ɗaya, a rufe shi cikin tukunyar ƙarfe mai kauri da aka matsa wa iskar oksijin, sannan a nutsar da tukunyar cikin ruwan da aka san nauyinsa. Da siririyar waya ake kunna wutar, kuma yadda zafin ruwan ya hau shi ke nuna ƙarfin da ya fito. Masanin kimiyyar Faransa Marcellin Berthelot ne ya kyautata wannan dabara a ƙarni na 19.

A cikin tukunyar giram ɗaya na furotin yana ba da kusan kilokalori 5.6 (kilokalori shi ne abin da ake kira kalori a jikin kwali), amma jiki yana amfana da kimanin 4 kawai, domin wani kaso ba ya narkewa, wani kuma yana fita ta fitsari. Dusar gero ma tana ci da wuta sosai a na'ura, alhali hanjinmu ba ya iya narkar da galibinta. Saboda haka kamfanoni suka fi dogara da lissafin Wilbur Atwater na Amurka: a kowane giram, kilokalori 4 ga furotin, 4 ga sitaci, 9 ga mai. A ganina, idan gawayi ko man dizal kake son aunawa, na'urar ta wadatar da kai.