Kakana Ɗan Italiya Ne, Zan Samu Fasfo?

Wani ɗan'uwa da ke aiki a masana'anta a garin Brescia na Italiya ya rubuto mini. Mahaifin mahaifiyarsa ɗan Italiya ne da ya zo aikin madatsar ruwan Kainji, ya auri kakarsa a gaban malamai, ya koma gida a 1968 da aka gama aikin. Abin da ya rage musu hoto ɗaya ne da sunan farko a bayansa. Wani dillali ya ce a ba shi Yuro 4,000 ya samo takardar aure. Kawunnai kuma sun matsa masa ya biya, don dangi su samu hanya.

Ɗan'uwa, kada ka ba mutumin nan ko sisi. Italiya tana ba da shaidar zama ɗan ƙasa ta hanyar jini, amma jinin da ke rubuce. Abin da za su fara tambaya shi ne ko kakanka ya amsa a hukumance cewa mahaifiyarka 'yarsa ce. In babu wannan, sai kotu ta tabbatar da dangantakar. Hasken fata da labarin da kaka ke bayarwa da daddare ba sa shiga fayil. Ga shi dokar 2025 ta ƙara ƙuntata ƙofar, ba ta wuce iyaye da kakanni ba.

Na ga wanda ya shigar da irin takardar dillalan nan. Da aka aika bincike ofishin jakadanci, aka gano ta bogi ce, ya faɗa shari'a, takardar zamansa ta shiga garari. Dillalin kuwa ya kashe waya.

Ka fara da mahaifiyarka tun tana da rai. Ta duba akwatin kaka, ko akwai wasiƙa, ambulan mai tambarin gari, ko katin aiki. Cikakken suna da garin haihuwa kake nema, don a ofishin ƙaramar hukumar garin ake ajiye rajistar haihuwarsa. Sai ka kai wa lauyan da ke da ofis, ba na WhatsApp ba.

Kawunnanka kuwa, ka gaya musu cikin ladabi cewa ko an tabbatar da kakan, hanyar ba ta bi ta kansu sai in su ma 'ya'yansa ne. Kai ne za ka tsaya gaban alƙali, ba su ba. Shekara nawa ka yi da takardar zama? In ka kusa 10, ka riƙe aikinka, ka ci jarrabawar harshen Italiya ta matakin B1, wato matsakaicin mataki, ka nema ta hanyar zama.