Gyaran allon ƙofar tsohuwar mota da sake masa fenti

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, kuma ina da Peugeot 504 ƙirar Kaduna da na gada daga mahaifina. Ledar allunan ƙofofinta na ciki ta koɗe ta yi fari-fari, gindin allon ƙofar direba kuma ya kumbura ya lanƙwashe. Wani mai fenti ya ce zai fesa musu irin fentin da ake yi wa jikin mota. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinka. Shawarata ita ce kada ka yarda. An yi fentin jikin mota ne domin ƙarfe, idan ya bushe tauri yake yi, ita kuwa leda tana lotsawa duk lokacin da ka jingina gwiwar hannu a kanta, saboda haka ba za a daɗe ba zai tsattsage ya riƙa ɓarewa. Wani lokaci ma sinadarinsa kan sa ledar ta yi danƙo ta ƙi bushewa sam. Fentin gwangwani da aka rubuta a jikinsa cewa na leda ne shi ya dace da wannan aiki.

Sai dai kumburin nan ya fi damuna a kan koɗewar launi, domin alama ce ta cewa ruwa yana taɓa allon ta baya. Ruwan sama da ke gangarowa a jikin gilashi yakan shiga cikin ƙofa, kuma masu ƙera mota sun san da haka, shi ya sa suka bar ƙananan ramuka a gindinta domin ya tsiyaye, suka kuma manna farar leda tsakanin ƙarfen da allon. Sau da yawa wanda ya taɓa gyara injin ɗaga gilashi yakan yage wannan ledar bai mayar ba, ƙasa kuma ta toshe ramukan. A gari irin Legas, inda ake tafka ruwa daga Afrilu har zuwa Oktoba, allon yakan jiƙe ya kumbura ya yi fumfuna. Idan ba ka hana ruwan nan kaiwa ga allon ba, ko sabon allo ka saka haka zai koma.

Wajen cirewa, ka fara kwance madogarar hannu da mabuɗin ƙofa da hannun ɗaga gilashi, sannan ka naɗe bakin sukudireba da tsumma ka zura shi daf da kowane kilif, wato maɓallin da ke riƙe allon a jikin ƙofar, ka ɓamɓare a hankali. Kada ka kama allon ka fizga, ramukan kilif ɗin za su ɓarke. Ka sa waya ka buɗe ramukan gindin ƙofar, ka kankare tsatsar da ka gani ka shafa mata fentin hana tsatsa, ka manna sabuwar farar leda mai kauri tsakanin ƙarfen da allon.

Allon da ya riga ya kumbura ba ya miƙewa. Ka sayi fallen katako mai kaurin milimita 3, irin wanda ake yin silin da shi, ka ɗora tsohon a kansa ka zana siffarsa da ramukansa, ka yanke, sannan ka shafe shi da banish gaba da baya har da gefuna kafin ka mayar da ledar saman allon da gam. Masu ɗinkin kujerun mota sun iya wannan aiki. Kilif kuwa za ka samu a kasuwar Ladipo da ke Mushin, amma ka tafi da tsoho guda ɗaya a aljihu domin a gwada.

Inda akasarin mutane ke yin kuskure shi ne wanki. Man sheƙi da ake shafa wa cikin mota a wuraren wankin mota yana ɗauke da silikon, wanda ke maƙalewa a cikin zanen ledar shekara da shekaru, kuma idan fenti ya sauka a kansa sai ya gudu ya bar ramuka kamar zanzana. Ka wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da buroshi mai laushi sau biyu ko uku, ka bari ta bushe, sannan ka goge da sifirit. Ka ɗiga ruwa a kai ka duba: idan ya dunƙule ya tsaya, da sauran mai, idan ya baje to ta wanku. Kada ka yi amfani da tina ko fetur, suna cinye leda da roba.

Wajen fesawa, ka riƙe gwangwanin nesa da allon kamar santimita 20 zuwa 25, ka yi shafe uku ko huɗu marasa kauri, kana barin kamar minti 10 a tsakani. Shafen farko ba zai rufe tsohon launi ba, kuma haka ake so, domin mai kauri yana cike zanen ledar ya sa ta yi kama da roba. Ka zaɓi launinta na asali ko wanda ya fi shi duhu. Laima tana sa fenti ya yi hazo-hazo, don haka ka guji ranar hadari da sassafe. Lokacin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, ya fi dacewa, a cikin inuwa inda ƙura ba ta shiga. Ka bar allunan su kwana biyu kafin ka mayar da su. Idan kuma ka tarar ledar ta yage ko ta bushe tana karyewa, fenti ba zai ɗinke ta ba, sai dai mai ɗinki ya sa sabuwa.